Musayar Stafford da Goff: Gwani Ne Ke Gyara Gida, Ko Gida Ne Ke Yin Gwani?

Daren Lahadi ne, 14 ga Janairun 2024, a birnin Detroit na Amurka. Mu a nan ƙarfe biyun dare ta riga ta gota, unguwa ta yi tsit, na rage sautin waya don kada in tashi mutanen gida. Tun kafin a soma wasan ƙwallon Amurka tsakanin Detroit Lions da Los Angeles Rams, filin Ford Field ya ɗauki sunan mutum ɗaya, ana ta maimaita shi kamar baiti: Jared Goff, Jared Goff. Da Matthew Stafford ya fito cikin rigar Los Angeles Rams kuwa, sai ihun ƙi ya tashi. Wannan Stafford ɗin shekara 12 ya yi yana ɗauke da ƙungiyar Detroit Lions a kafaɗarsa, ya sha duka dominta har jikinsa ya gaya masa. Goff da ake wa kirari kuma, shekara uku kafin wannan dare an turo shi Detroit ne kamar kayan da aka rasa mai saye, har sai da aka haɗa da gyara.

Duk gardamar da masu bin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ke yi a kowace bazara tana cikin labarin mutanen nan biyu, waɗanda dukansu kwatabak ne: wane ne gwanin kwatabak, mene ne halin gida da ake ta ambata, kuma me ya sa hasashen da ake yi kafin a buɗe kaka yake yawan watsa wa masu shi ƙasa a ido.

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, ga gindin maganar. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Mai riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci yadi 10. In ya ci a sabunta masa, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kwatabak shi ne madugun masu kai hari. Shi ke karɓar umarnin koci, shi ke duban yadda masu tsaron baya suka jeru, shi ke sauya shiri in ya hango tarko, kuma shi ke karɓar ƙwallo a kusan kowane motsi. Daga karɓa zuwa jefawa bai fi daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ba, ga ƙarti suna rugowa su kayar da shi. Mutum biyar ne ke tsaye gabansa su tare masa, su ne katangarsa. Abin da aka fi mantawa da shi a gardama kuwa shi ne, masu kai hari daban, masu tsaron baya daban. Idan abokan hamayya suka karɓi ƙwallo, kwatabak benci yake komawa ya zauna ya zuba ido. Rabin wasan ba ya cikin fili, amma idan aka tashi lissafi, da sunansa ake rubuta nasara da faɗuwa.

Haka aka rubuta wa Stafford. Lions sun ɗauke shi a matsayi na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2009, kuma sun sami wannan dama ce saboda a kakar 2008 sun buga wasa 16 sun faɗi duka 16. Tsarin NFL ke nan: babu faɗawa ƙaramar gasa, wanda ya zo na ƙarshe shi ake bari ya fara zaɓe. Ma'ana, yaron da ya fi kowa haske a jami'a shi ake kai wa gidan da ya fi kowane lalacewa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi hattara da hukuncin da ake yanke wa matasan madugai.

A Nuwamban shekararsa ta farko, a wasa da Cleveland Browns, aka maka shi da ƙasa ana dab da tashi, kafaɗarsa ta hagu ta goce. Likitoci suna kansa, ya ture su ya koma fili, hannu ɗaya na lilo, ya jefa ƙwallon da ta ba su nasara da ci 38 da 37. A 2011 ya jefa ƙwallo ta yadi 5,038. A 2012 abokin aikinsa Calvin Johnson ya kafa tarihin cafke ƙwallo da yadi 1,964, amma ƙungiyar wasa 4 kacal ta ci, ta faɗi 12. Daga Nuwamban 2013 har zuwa Satumban 2018 babu ɗan wasan Lions ko ɗaya da ya ruga da ƙwallo yadi 100 a wasa guda, wato kusan shekara biyar abokan hamayya sun san jifa za a yi, sai su shirya mata. Sau uku Stafford ya kai su zagayen sili-ɗaya-ƙwale, sau uku aka koro su a wasan farko. Da ya tashi barin Detroit lissafinsa nasara 74 ne, faɗuwa 90, canjaras ɗaya. Masu sharhi da yawa suka yi masa tambari: yana da hannu, yana tara alƙaluma, amma ba ya cin wasan da ke da muhimmanci.

Goff shi ma na ɗaya Rams suka ɗauke shi, a 2016. Ya buga wasa bakwai a shekarar farko, ya faɗi duka bakwai, mutane suka fara cewa Rams sun yi asara. Sai aka kawo sabon koci Sean McVay yana ɗan shekara 30, aka ɗauko tsohon hannu Andrew Whitworth ya tsare masa gefen hagu, ga Todd Gurley yana ruga da ƙwallo kamar ba za a kama shi ba. Yaron da aka ce ba shi da amfani ya ci wasa 11 a 2017 tare da ƙungiyarsa, suka ci 13 a 2018, suka kai wasan ƙarshe na Super Bowl. Hannun nan dai shi ne, idon nan shi ne. Gidan ne ya sauya.

A nan akwai wani ƙaramin abu da ya kamata a duba da kyau, domin shi ne ya zame wa Goff tabo. A cikin hular kwanon kwatabak akwai ɗan lasifika da koci ke yi masa magana ta ciki. Tsakanin motsi da motsi daƙiƙa 40 ake bayarwa, kuma da zarar ya rage saura 15 sai a katse layin. McVay ya ƙware wajen sa yaransa su yi maza su jeru, domin ya ga tsarin masu tsaron baya tun layi na buɗe, ya raɗa wa Goff abin da zai yi. A Super Bowl ɗin Fabrairun 2019, koci Bill Belichick na New England Patriots ya zo da maganin wannan dabara: mutanensa su nuna fuska ɗaya, sai an katse layi su rikiɗe zuwa wata. Goff ya tsinci kansa shi kaɗai da abin da bai shirya masa ba. Rams maki 3 suka iya ci a duk wasan, aka doke su 13 da 3, kuma a zango na ƙarshe Goff ya cilla wata ƙwallo cikin matsi ta faɗa hannun Stephon Gilmore. Daga ranar kalmar ta manne masa: ɗan tsari ne, in ka cire koci daga kunnensa babu sauran komai.

Duk da haka a Satumban 2019 Rams suka sabunta masa kwantiragi na dala miliyan 134. Shekara ɗaya da rabi bayan nan McVay ya gaji da shi. A ƙarshen Janairun 2021 aka ƙulla cinikin: Stafford ya tafi Los Angeles, Detroit ta karɓi Goff, da zaɓen zagayen farko guda biyu na 2022 da 2023, da na zagaye na uku guda ɗaya. Kowa ya fahimci abin da wannan ke nufi. Wani ɓangare na gyaran da aka haɗa kuɗin Stafford ne, wani ɓangaren kuwa ladan ɗauke wa Rams nauyin albashin Goff ne. Abin da aka yi ta faɗa a lokacin shi ne Goff gada ce kawai, zai riƙe wurin shekara ɗaya ko biyu kafin a samo na gaske.

Shekarar farko ta zo kamar ta tabbatar da maganar masu cewa gwani shi ne komai. Stafford ya jefa ƙwallon ci 41, ya kai Rams Super Bowl a filinsu na SoFi, suka doke Cincinnati Bengals 23 da 20 a Fabrairun 2022. A harin ƙarshe ya yi wata jifa da har yau ake nunawa: idonsa na kallon wani gefe don ya ja mai tsaron baya, hannunsa ya aika ƙwallo tsakiyar fili wajen Cooper Kupp. Wannan ba koyarwar koci ba ce, kuma ban taɓa ganin Goff ya yi irinta a irin wannan matsi ba. Ƙungiya ɗaya, koci ɗaya, an sauya mutum ɗaya, kofi ya zo.

Amma a tsaya a dubi wannan kofi da idon basira. Mutumin da aka ce ba ya cin babban wasa, cikin wata ɗaya ya ci huɗu a jere. Halinsa ne ya sauya yana ɗan shekara 33? A wannan kakar ya zubar da ƙwallo 17 a hannun abokan hamayya, babu wanda ya fi shi yawa a gasar. Kasadarsa ta Detroit tana nan yadda take. Abin da ya samu sabo shi ne Kupp da ya cafke ƙwallo 145 a shekarar, da masu tsaron baya irin su Aaron Donald, da Jalen Ramsey, da Von Miller da aka ƙaro ana tsakiyar kaka. Wanda ya rufe wasan Bengals ma Donald ne, da ya cakumi madugunsu Joe Burrow a dama ta huɗu, Stafford na tsaye a gefe. Sannan ga rabo. A wasan kusa da na ƙarshe da San Francisco 49ers, Rams na baya, Stafford ya cilla wata doguwar ƙwallo ta nufi ƙirjin mai tsaron baya Jaquiski Tartt kai tsaye, ta suɓuce masa. Da ya riƙe ta, mai yiwuwa da tsohon tambarin nan yana nan a goshin Stafford har gobe. Hukuncin da muke yanke wa ɗan wasa na shekara goma sha wani abu ya rataya a yatsun wani mutum daban, wanda ko rigarsu ba ɗaya ba.

Yanzu sai batun halin gida, wanda a ganina shi ne aka fi yi wa karan tsaye a wannan gardama. Duk ƙungiyar da ta ci wasa sai a ce tana da tarbiyya, duk wadda ta faɗi a ce gidanta ya ruɓe. In haka ne kalmar ba ta bayyana komai, wani suna ne kawai ake ba nasara bayan ta faru. Detroit ta nuna cewa akwai abin da ya wuce haka, kuma ta nuna shi ta fuska biyu.

A ƙarshen kakar 2017 suka sallami Jim Caldwell, kocin da ya ci wasa 36 ya faɗi 28 a shekara huɗu, wai 9 da 7 bai isa ba. Suka ɗauko Matt Patricia daga Patriots da nufin ya dasa musu tsarin New England: tsanani, rufe baki, babu wanda ya fi ƙarfin a kore shi. Sai dai Belichick yana da zobban cin kofi a yatsu da gwanin madugu Tom Brady a fili, shi ya sa ƙarti ke haƙuri da zafinsa. Patricia ya zo da zafin babu zobban. Aka sayar da Quandre Diggs ga Seattle a 2019, aka sayar da Darius Slay ga Philadelphia a 2020, kuma Slay bai ɓoye cewa tsakaninsa da kocin babu jituwa ba. Aka kori Patricia a Nuwamban 2020 da nasara 13, faɗuwa 29, canjaras ɗaya. Ba a ciro hali daga wani gida a dasa a wani kamar dashen tumatir.

Dan Campbell da ya gaje shi a Janairun 2021 tsohon ɗan wasan Lions ne, yana cikin ƙungiyar a shekarar nan ta 2008. A taron manema labarai na farko ya yi maganar cewa in an kayar da su za su tashi su ciji gwiwar wanda ya kayar da su, aka yi ta yi masa dariya a faɗin ƙasar. Kakar farko ta yi muni. Justin Tucker na Baltimore ya doke su da bugun yadi 66 a daƙiƙar ƙarshe, bugun da ya kafa tarihi. Mako biyu bayan nan Minnesota ta sake yi musu irin wannan, da ci iri ɗaya, 19 da 17, Campbell ya tsaya gaban 'yan jarida hawaye na zubo masa saboda yaransa. Sai da suka yi wasa 11 babu nasara. Ranar 5 ga Disamba Goff ya jefa wa wani sabon yaro, Amon-Ra St. Brown, ƙwallon ci a motsi na ƙarshe, suka doke Minnesota 29 da 27, Goff ya ruga ya faɗa jikin kocinsa kamar an ci kofi. Suka gama shekarar da nasara uku.

Jawabi da hawaye ba su ne halin gida ba, ko da yake suna da nasu amfanin. Halin gida a shawarwari ake ganinsa, musamman waɗanda ake yankewa lokacin da babu mai tafa maka. Mai ƙungiyar, Sheila Ford Hamp, kwantiragin shekara shida ta ba Campbell tun farko, kuma a 2022 da aka sake buɗe kaka da faɗuwa bisa faɗuwa, har aka kai nasara ɗaya a wasa bakwai, ba ta kore shi ba. Fitowa ta yi ta ce tana bayan tafiyar. Brad Holmes, babban manajan da aka ɗauko daga Rams, wanda ya san Goff tun yana jami'a, a zaɓen 2021 yana riƙe da lamba bakwai, ga matasan madugai irin su Justin Fields da Mac Jones ba a ɗauka ba, ya tsallake su ya ɗauki Penei Sewell, ƙaton da aikinsa tare hanya. Aka haɗa shi da Frank Ragnow da Taylor Decker, katanga ta tsaya. St. Brown a zagaye na huɗu aka tsinto shi. Shi kansa Campbell, da ya ga harin ba ya tafiya a tsakiyar kakar 2021, ya karɓe kiran wasa daga hannun Anthony Lynn, ya jawo wani ƙaramin koci mai suna Ben Johnson kusa, a shekara ta gaba ya danƙa masa ragamar harin gaba ɗaya. Johnson kuwa bai nemi Goff ya zama wani ba. Ya gina masa hari a kan abin da ya iya: a ruga da ƙwallo har masu tsaron baya su matso, sai a yi kamar za a ba mai gudu, Goff ya juyo ya jefa tsakiyar fili a kan lokaci. Mutum ne da in ƙafarsa ta tsaya daram, ƙwallonsa ba ta kuskure.

Gwajin da ya fi gamsar da ni ya zo a daren ƙarshe na kakar 2022. Lions sun ci bakwai a wasa tara na baya, suka isa Green Bay da ɗan guntun fata. Kafin a take wasa Seattle ta ci nata wasan, fatan ya mutu. Babu abin da za su samu. Green Bay Packers kuwa, da madugunsu Aaron Rodgers a gaba, nasara kawai suke buƙata su wuce, a gidansu, cikin sanyin Janairu. Lions suka doke su 20 da 16. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a wannan dare miyar ta ƙare ƙarƙaf. In akwai abin da ya cancanci a kira shi halin gida, to wannan ne.

Zuwa nan za a ga dalilin da ya sa hasashen bazara ke ruɗi. Mu kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma Larabar NFL ba ta da gaskiya. Lions ɗin 2008 da suka faɗi wasa 16, sun ci duk wasanninsu huɗu na share fage. Browns na 2017 sun maimaita wannan daidai: huɗu a Agusta, sifili a kaka. Dalilin a fili yake. A sansanin horo mutum 90 ake tarawa, 53 za a riƙe, saboda haka wasannin Agusta na masu neman gurbi ne. Manyan 'yan wasa kaɗan suke bugawa, wasu koci kamar McVay ma ba sa sa su ko kaɗan, kuma babu mai fito da dabarunsa na gaske a wasan da ba a lissafawa. Abin da ya rage wa mai hasashe shi ne sunaye a takarda da sakamakon bara.

Sunaye kuwa ba sa nuna abubuwa biyu da suka fi yanke hukunci: rauni, da zurfin benci. Rams sun shiga kakar 2022 suna riƙe da kofi, ana sa su a sahun gaba. Whitworth ya yi ritaya, katangar ta yi ta rushewa da raunuka, Stafford ya sha duka har ya kasa ƙarasa kakar, Kupp ma ya ji ciwo, suka gama da nasara 5, faɗuwa 12. Wannan faɗuwa Detroit ta ci ribarta, domin zaɓen Rams na 2023 da ke hannunsu ya zama lamba shida. Holmes ya yi musayarsa ya fito da Jahmyr Gibbs da Sam LaPorta. New York Jets a bazarar 2023 sun ɗauko Rodgers, kyamarori suka tare a sansaninsu, magoya baya suka fara maganar Super Bowl. A motsi na huɗu na wasan farko jijiyar agararsa ta tsinke. Washington kuwa ta ci wasa 4 kacal a 2023, ta ɗauki sabon madugu Jayden Daniels, babu wanda ya sa ta a lissafi, ta ci 12 a 2024. Kaka wasa 17 ce kawai, ba 38 ba kamar ta Firimiya, kuma da yawa daga cikinsu da ratar maki uku ko bakwai ake rabuwa. Ƙwallo biyu su suɓuce a Oktoba, sai labarin shekara gaba ɗaya ya juya.

Mu koma daren da na fara da shi. Lions sun ci wasa 12 a 2023, sun ɗauki kambin rukuninsu karon farko tun 1993, kuma rabonsu da cin wasan sili-ɗaya-ƙwale tun Janairun 1992. Stafford ya yi wasa mai kyau a daren, ya ma fi Goff yawan yadi, hannunsa na jini yana jefawa. Saura minti biyu, Lions na gaba da maki ɗaya, ana jiran su ruga da ƙwallo su cinye lokaci kamar yadda kowa ke yi. Sai Campbell da Johnson suka sa ƙwallo a hannun mutumin da aka ce ba a iya dogara da shi. Goff ya ja da baya, ya jefa wa St. Brown, ya cafke, yadin da ake nema ya cika. Wasa ya ƙare 24 da 23. Kyamara ta bi kujeru tana nuna dattawa suna kuka. Ni ma na daɗe zaune da wayar a hannu, ban tashi ba sai da na ji ladanin unguwa ya fara gyaran murya.

Da labarin ya tsaya nan, da masu cewa gida ne komai sun ci gardama. Bai tsaya ba. Mako biyu bayan nan Lions suna gaban San Francisco 24 da 7 a hutun rabin lokaci, saura taki ɗaya su kai Super Bowl ɗin da ba su taɓa zuwa ba. Sau biyu Campbell ya ƙi bugun maki uku ya nemi cin yadi a dama ta huɗu, sau biyu aka kasa, aka doke su 34 da 31. Kasadar da ta kawo su wurin ita ce aka zarga da kayar da su, kuma ban ga yadda za a yabi ɗaya a la'anci ɗaya ba, tunda abu guda ne. A 2024 suka ci wasa 15, suka fi kowa zura maki, Goff ya yi wani dare da Seattle ya jefa 18 duka 18 suka isa hannu. A wani daren kuma a Houston ya zubar da ƙwallo biyar, ƙungiyar ta ɗauke shi ta ci wasan 26 da 23. Sai raunuka suka cinye masu tsaron bayansu, tun daga karayar ƙafar Aidan Hutchinson a Oktoba. Ranar 18 ga Janairun 2025 Washington ɗin nan da ba a lissafa ba ta zo Detroit, tsaron gida ya kasa tare Daniels, ya zamana dole Goff ya ɗauki wasan shi kaɗai. Ya zubar da ƙwallo uku a jifa, ɗaya ta suɓuce masa, aka doke su 45 da 31.

Ga inda na tsaya. Stafford ya fi Goff, kuma ba na jin akwai kokwanto a kai. Bambancinsu ba ya fitowa a ranar da komai ke tafiya daidai. A irin wannan rana Goff yana iya fin sa tsabtar wasa. Yana fitowa ne lokacin da katanga ta tsage, shiri ya wargaje, aka bar mutum da hannunsa da zuciyarsa. Madugan da ke iya ceto ƙungiya a irin wannan hali kowane mako ba su da yawa, Patrick Mahomes da Josh Allen da 'yan kaɗan, kuma ko Mahomes sai da ya faɗo hannun koci Andy Reid ya zauna shekara guda a benci yana koyo. Ƙungiyoyi 32 ne. Mafi yawansu ba za su taɓa samun irin waɗannan ba, kuma waɗanda ke korar mai kyau duk shekara biyu don neman na musamman su ne ke dawwama a ƙasa. Detroit ta yi shekara 12 da wanda ya fi, ba ta ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya ba. Da wanda bai kai shi ba ta ci biyu cikin kwana takwas.

Sai dai wannan hanya tana da tsada, kuma NFL an gina ta ne don ta rushe gidan da ya yi kyau. Akwai iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta kashe, wadda a 2024 ta kai dala miliyan 255.4. A Mayun shekarar Lions suka ba Goff sabon kwantiragi na dala miliyan 212 a shekara huɗu, suka kuma biya Sewell da St. Brown kuɗin manya. Duk dalar da ta tafi wajensu ta fita daga aljihun benci. Kwanaki kaɗan bayan wasan Washington, Ben Johnson ya tafi Chicago Bears a matsayin babban koci, ƙungiyar da ke rukuni ɗaya da su, wadda za su riƙa haɗuwa da ita sau biyu a shekara. Aaron Glenn mai kula da tsaron baya ya tafi Jets. A watan Yuni Frank Ragnow, wanda ke miƙa wa Goff ƙwallo a kowane motsi yana kuma tsara wa katanga wa zai tare wa, ya ajiye wasa yana ɗan shekara 29 saboda jikinsa ya gaji.